UWARGIDA DA ZAMANI: Kafin Ki Sayar Da Ragonki Ki Saya Wa 'Yarki Kwamfuta

  

A wannan fitowar na so in ci gaba da maganar adana wake da muka faro, to amma wani abu da ya faru a cikin danginmu ya sa na jingine ta zuwa wata mai kamawa, domin na tabbata abin da ya sami gwaggona yana iya samun kowace uwa da ke da ɗa ko 'ya a makaranta.

Gwaggon tawa ƙanwar mahaifina ce, tana aure a wani ƙauye a ƙasar Dambatta, irin ƙauyukan nan namu na arewacin Kano da gona ke manne da gona, ba ki samun ko tafin hannu na ƙasa da ba a nomawa. Maigidanta manomi ne, gero da dawa da gyaɗa da wake. Ita kuma sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, sai ɗan kiwon da take yi a bayan ɗaki. Da Allah Ya sa autarta ta sami gurbin karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, ba a yi zangon karatu biyu ba yarinyar ta dawo da maganar cewa ana ba su aikin da sai an buga a kwamfuta, kuma kuɗin da take kashewa a shagon buga takardu ya fara fin kuɗin abincinta. Gwaggo ta ce ba komai. Ta sa aka ja ragon da ta shekara tana turke da shi aka kai kasuwa, ta haɗa da kwasar adashinta, ta damƙa wa babban ɗanta, ta ce ya shiga birni ya sayo wa ƙanwarsa kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof. Wasiyya ɗaya ta yi masa: "Ka sayo mata babba, kada a raina ta cikin ƙawayenta."

Yaro ya tambayi abokansa, suka ce ai babbar ita ce Core i7. Ya je wani shago ya ce i7 yake so, aka ɗauko masa ta hannu, ga sitika nan tana ƙyalli, kuɗinsa kuma ya isa har da canji. Ya dawo gida ana ta sa masa albarka.

Sati uku tsakani na je gaishe su, yarinyar ta jawo ni gefe ta ce, "Yaya, don Allah duba mini kwamfutar nan." Nauyi kamar dutsen niƙa, zafi kamar an sauke ta daga murhu, in an kunna ta sai a gama alwala ba ta gama buɗewa ba, in kuwa an zare ta daga caji, ba ta kai rabin awa take mutuwa. Na shiga cikinta na duba cikakken sunan ƙwaƙwalwar, sai na ga an rubuta i7-2620M. Wato ƙirar shekarar 2011 ce, lokacin da mai kwamfutar ko firamare ba ta shiga ba.

Da na yi wa Gwaggo bayani, sai ta yi tagumi ta ce, "To 'yar nan, ƙarya ya yi wa yaron ke nan?" Na ce, "A'a Gwaggo, bai yi ƙarya ba, i7 ɗin ce. Shekarunta ne dai bai faɗa ba, shi kuma yaron bai san a tambaya ba." Wannan tambayar da ba a yi ba ita ce nake son mu koya a yau.

Mece ce ƙwaƙwalwar kwamfuta?

Uwargida, kada sunayen nan su firgita ki, domin duk abin da ke cikin kwamfuta kina da irinsa a tsakar gidanki. Abu uku ne ke sa ta yi sauri ko ta yi nawa.

Na farko shi ne ƙwaƙwalwar, wadda 'yan kasuwa ke kira furosesa. Ki ɗauke ta a matsayin mata masu daka a turmi. Wata ƙwaƙwalwar taɓarya biyu gare ta, wata huɗu, wata shida ko takwas, suna lugude a kan aiki ɗaya. Kalmar nan Core da kike gani a jikin sitika, asalinta sunan waɗannan taɓaren ne. Kin san dai mata huɗu sun fi biyu saurin surfe, kuma 'yan mata biyu masu jini a jika sun fi tsofaffi biyu.

Na biyu shi ne ram, wato faifan da ake zuba abin da ake aiki a kansa yanzu-yanzu. In faifan ƙarami ne, ko masu dakan sun kai goma sai sun tsaya jiran a kwashe. Da giga ake auna shi, 4 ko 8 ko 16.

Na uku shi ne rumbu, inda ake ajiye takardu da hotuna da karatuttuka. Akwai tsohon yayi mai faifan ƙarfe da ke juyawa a ciki, wanda ake kira hadis, shi kamar rumbun da ke can gona ne, duk abin da za a ɗebo sai an yi tattaki. Akwai kuma SSD, wanda yake kamar rumbu a ƙofar ɗaki.

Kamfanoni biyu ne ke ƙera mafi yawan ƙwaƙwalen laftof ɗin da ke kasuwanninmu, Intel da AMD, dukkansu na ƙasar Amurka. Sunayen HP da Dell da Lenovo da kike ji kuwa, masu haɗa gangar jikin ne, su ma sayo ƙwaƙwalwar suke yi su sa.

Suna daban, shekaru daban

Lambobin nan i3 da i5 da i7 matsayi ne a tsakanin 'yan zubi ɗaya, kamar a ce ƙarami da matsakaici da babba a cikin 'yan shekara guda. Kusan kowace shekara Intel na fitar da sabon zubi, wanda 'yan kasuwa ke kira janareshan, kuma ƙaramin sabon zubi yakan fi babban tsohon zubi ƙarfi. Bijimin da ya yi suna a huɗa shekara goma sha biyar da suka wuce, yau ɗan maraƙin da aka fara ɗaura wa garma sai ya bar shi a baya.

Gane zubin ba wuya. Ki dubi lambar da ke bayan ɗan layin. In kin ga i5-8250U, lambar farko 8 ce, zubi na takwas ke nan, na shekarar 2017. In i5-6200U ce, zubi na shida, 2015. Ta gwaggona i7-2620M, zubi na biyu. Daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyun farko ake karantawa tare: i3-1115G4 zubi na 11 ne, na 2020, i3-1215U kuma zubi na 12, na 2022. Harafin ƙarshe ma yana da magana. U na nufin mai tattalin wuta, M kuwa harafin tsofaffin nan ne masu cin wuta da ɗaukar zafi.

Zubi na takwas shi ne iyakar da nake son ki riƙe, saboda dalili biyu. Na ɗaya, kafin shi, i5 da i7 ɗin da ke cikin yawancin laftof na ofis taɓarya biyu kacal gare su, daga zubi na takwas ne suka koma huɗu. Na biyu, kamfanin Microsoft ya daina aiko wa manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Magajiyarta Windows 11, wadda ta fito a 2021, a ƙa'idarta sai daga zubi na takwas take karɓa, ban da 'yan ƙalilan. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a tsohuwar kwamfuta, don haka ganin Windows 11 a fuskar laftof ba hujja ba ce cewa sabuwa ce. Lambar ita ce shaida.

Waɗanda za a nuna miki a shago

In kuɗinki irin namu ne na talakawa, kashi huɗu za ki tarar, ko a titin Beirut kika je, ko a Farm Centre, ko a shagunan Bichi da Dambatta.

Kashi na farko su ne Celeron, irin su N4020 na 2019 da N4500 na 2021. Taɓarya biyu gare su. Su ne mafi araha a cikin sababbi 'yan kwali, ga kyau ga rashin nauyi, kuma ƙwaƙwalwar wat 6 kawai aka ƙayyade mata, shi ya sa suke daɗewa da caji. Aibinsu shi ne nawa. Yawancinsu da ram giga 4 suke zuwa, a manne, ba a iya ƙarawa, da ɗan rumbu mai giga 64 wanda Windows kaɗai ke cinye kaso mai yawa a cikinsa. Za ta buga wasiƙa, za ta kunna karatun Alƙur'ani da wa'azi, za ta yi gwajin jarrabawa. Amma a buɗe shafukan intanet bakwai a haɗa da takardar furojet, sai ta tsaya tana kallon mai ita.

Kashi na biyu su ne Intel N100 da N200, waɗanda suka fito a farkon 2023, shekarar da Intel ta daina sa sunan Celeron da Pentium a sababbin ƙwaƙwalen laftof. Su ma wat 6 ne, amma taɓarya huɗu gare su, kuma N100 ta ninka N4020 ƙarfi fiye da sau biyu. Ba ta da sunan da za a yi taƙama da shi, ba i5 ba i7, to amma ta fi i7 ɗin gwaggona nesa ba kusa ba. In aka same ta da ram giga 8 da SSD, ta ishi ɗalibar kwalejin ilimi ko ta aikin jinya har ta gama.

Kashi na uku na AMD ne. Athlon Silver 3050U na 2020 taɓarya biyu ne, ya ɗan ɗara Celeron amma bai kamo N100 ba. Ryzen 3 3250U ya ɗan fi shi. Ryzen 3 7320U na 2022 kuwa taɓarya huɗu ne, kowace tana iya riƙe aiki biyu, ya fi N100 ƙarfi, sai dai ram ɗinsa a manne yake zuwa, don haka tun a shago za ki tabbatar giga 8 ne. Mutanenmu da yawa suna gudun AMD wai zafi gare ta. Wannan labarin tsofaffin ƙira ne, Ryzen daga lamba 3000 zuwa sama ba abin gudu ba ne.

Kashi na huɗu su ne na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda ake kira Landan yus, galibi kwamfutocin ofis ne da kamfanoni suka sauya. A nan alheri yake, a nan kuma rami yake. In kika dace da i5-8250U ko i5-8350U, irin wanda ke cikin HP EliteBook 840 G5 ko Dell Latitude 5490 ko Lenovo ThinkPad T480, kin sami taɓarya huɗu masu wat 15, ƙarfinsu kusan kunnen doki da N100 ko ma su ɗan ɗara, ga gangar jiki mai ƙwari, ana iya ƙara mata ram, kayan gyaranta kuma akwai su a Kano. Matsalarta batir, domin ya sha aiki kafin ya iso gare ki. In kuwa zubi na biyu ko na uku ko na huɗu ne, ko da zinare aka rubuta i7 ɗin, ki ce Allah Ya kawo kasuwa ki wuce.

Wadda Allah Ya hore wa ƙari kuma, sabuwar i3-1215U mai taɓarya shida ta fi duk waɗannan da na lissafa.

Wutar ƙauye ma abin dubawa ce

Mai ba da shawara a birni yakan manta da wannan. A ƙauyukanmu ana iya kwana da kwanaki ba a kawo wuta ba, wasu ma ko turke ba a kafa musu ba. Abin dogaro shi ne ɗan solar gida ko shagon mai cajin waya. Ƙwaƙwalwar i7 ɗin gwaggona wat 35 ce, ta N100 kuwa wat 6. Gaskiya ne gilashi da sauran kayan ciki su ma suna shan nasu, amma bambancin yana nan: ɗaya za ta kai yarinya dare tana karatu, ɗaya kuwa kafin a idar da sallar isha'i ta ɗauke.

Akwai kuma ƙura. Ƙwaƙwalwa mai cin wuta sai da fanka a ciki, fankar kuma ita ke zuƙo ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussuka ta toshe hanyar iska. Da yawa daga masu wat 6 ba su da fanka sam. Wadda ke da fanka kuma, a hana yara ɗora ta a kan katifa ko bargo, a sa ta a kan tebur ko faranti, a rufe ta da ƙyalle in an gama.

Wace ce ta dace da ɗanki?

Aikin da za a yi shi ke zaɓen kwamfuta. In yaran 'yan sakandare ne, burinki su saba da madannai kafin jarrabawa, ai kin san tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ma ta fara gwada hakan ga masu zana ta kai-da-kai a 2024. Yaron ƙauye da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, yana iya faɗuwa alhali ya san amsa. Wannan aikin ko Celeron ta yi shi, kuma ɗaya ta ishi yaran gida duka, har da na maƙwabta.

In ɗalibar babbar makaranta ce, a Bichi take ko a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta ko a Jami'ar Bayero, to kada a yi ƙasa da N100 ko i5 zubi na takwas, da ram giga 8 da SSD mai giga 256. Haka ma uwargidan da ke son buɗe sana'ar buga takardu da cike fom a cikin gida. In kuma ilimin kwamfuta ko zanen gine-gine yaron ke karanta, a daure a nemi Ryzen 3 7320U ko i3 zubi na 12 ko abin da ya fi su, ko da za a jira kaka ta yi a sayar da gyaɗa.

Ban kawo farashi ba da gangan, domin tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗin kayan waje bai zauna wuri ɗaya ba. A zaga shago uku ko huɗu kafin a zaro kuɗi.

Abin da za ki ce wa ɗan aike

Yawancinmu ba mu ke zuwa kasuwar ba, maigida ne ko ɗa ko ƙane. To ki sa a rubuta masa waɗannan a takarda ya sa a aljihu.

1. Kada ya yarda da sitika, domin ana liƙa ta ana ɓare ta. A kunna kwamfutar a gabansa, ya danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ya shiga wajen da aka rubuta Performance. Nan zai ga cikakken sunan ƙwaƙwalwar da yawan ram da irin rumbun. Ya ɗauki hotonsa a waya ya tura wa wanda ya sani.

2. Ya sa a zare caja, a kunna bidiyo, ya zauna minti ashirin yana kallon yadda cajin ke sauka. Ya kuma taɓa ƙasanta ya ji zafinta.

3. Ya gwada kowane harafi a madannai, da kyamara, da lasifika, da kafofin da ake soka filasha.

4. Ya tambaya ko ana iya ƙara ram.

5. Ya karɓi rasit mai ɗauke da cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwar, da sharaɗin kwanakin da za a iya mayarwa in an ga matsala.

Ku kuma 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, na san matanku suna karanta wannan mujalla, don Allah a isar musu. Da yawansu mutanen kirki ne masu faɗin gaskiyar kaya. To amma addininmu bai tsaya ga hana ƙarya kaɗai ba, ya hana ɓoye aibin haja, malaman fiƙihu kuma sun yi bayanin haƙƙin mai saye na mayar da kaya in aibin da aka ɓoye ya bayyana. In baƙauye ya shigo shagonka da kuɗin ragon uwarsa a ƙulle a leda, ya ce i7 yake so, kai ka san abin da yake nufi shi ne mai kyau. Ka gaya masa shekarunta, in ya so ya zaɓa da saninsa.

Gwaggona dai Allah Ya taƙaita. Maigidanta da kansa ya sa babbar riga ya raka yaron birni, aka yi magana ta fahimta, mai shagon ya karɓi kayansa bayan ya zabge wani abu. Sai da aka ƙara da kuɗin akuya ɗaya kafin aka ɗauko i5 zubi na takwas mai ram giga 8 da SSD. Da yarinyar ta ga sitikar sai ta ɓata fuska, wai an rage mata daga bakwai zuwa biyar. Da aka kunna ta buɗe kafin ta gyara zama, ba wanda ya sake jin bakinta. Gwaggo kuwa cewa ta yi, "Da na san haka ne, da kuɗin kati na naira ɗari na kira ki, da akuyata tana nan." Gaskiyar Hausawa ne da suka ce matambayi ba ya ɓata.

Abu na ƙarshe, uwargida, in kwamfutar ta shigo gida, aikinki bai ƙare ba. A ajiye ta inda idon kowa ke kaiwa, ki san abin da ake kallo da wanda ake hira da shi, ke ma ki zauna 'yarki ta koya miki, babu kunya a neman sani. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya sa wahalar da muke sha a kansu ta zame mana abin alfahari duniya da lahira.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko da wasiƙarta ta hannun edita kamar yadda aka saba. Sai wata mai kamawa in Allah Ya kai mu, inda za mu koma kan maganar wakenmu. Wassalamu alaikum.